Zanen Gadon da Dada Ta Kasa Ƙarasawa

Ina da shekara takwas aka kai ni Kwandiko wajen kakata, bayan an yi arba'in ɗin mahaifiyata. Babana malami ne a wata Islamiyya a Birnin Kudu, daga safe har la'asar yana makaranta, babu mai duba ni a gida. Kakar tawa ce ta aiko a kawo ni. Dada kowa yake kiranta, har mai unguwa.

Gidanta ɗaki biyu ne da rumbu, sai turken shanu a baya. Ƙanwar mahaifiyata, Inna Rabi, tana aure a maƙwabta, kullum bayan magariba takan shigo da 'ya'yanta. Idan an ci tuwo, Dada ta ƙara kara a murhu, mu binne dankali a toka, mu zauna muna miƙa tafin ƙafa wajen wuta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara murya ta ce, "Ku matso, yau na tsinto wata a hanyar rafi." Mu kuma mu ce, "Dada, sauke ta mu gani."

Mahaifiyata ce 'yarta ta fari, saboda haka ban taɓa jin sunanta a bakin Dada ba. "Waccan" take cewa, ko "ta Birnin Kudu". Ranar rasuwa ma mata suna ta kuka, ita tana zaune a gefe da carbi, idonta a bushe. Ban san kunyar ɗan fari ba a lokacin. Abin da na gani na riƙe.

A cikin kayan da aka taho da su tare da ni akwai wani farin zanen gado. Mahaifiyata ta zana masa furanni da biro, tana bin zanen da allura da zare mai launi. Takan ce na ɗakina ne idan na girma. Ta gama rabi ciwo ya kwantar da ita, allurar ma a soke take a jikin wani ganye. Dada ta ɗauke shi don ta ƙarasa, ba ta yi shawara da kowa ba. Ita kuwa tatsar nono ta sani da saƙar faifai, ba ta taɓa irin wannan ɗinkin ba, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Ni nake zura mata zare a allura. Da hantsi tana ƙarƙashin darbejiya da zanen a cinya, da yamma tana bakin murhu ta kai shi dab da hancinta. Tatsuniyoyinta suka fara yankewa a tsakiya, sai mun tuna mata inda ta tsaya. Kitsona ya yi wata biyu ba a tsefe ba, faso ya tsattsaga mini dunduniya, ba ta lura ba. Inna Rabi ce ta gani ta shafa mini man shanu.

Wata ranar Juma'a Dada ta tafi gaisuwa, na ɗauko zanen na shimfiɗa a tsakar gida. Gefen mahaifiyata yana nan lafiya, kowane fure a zaune. Gefen Dada ya tattare kamar fatar da ta sha rana. Ta sa kore inda ja ya kamata, ta sauka daga layin biro, ga huji-huji inda ta warware ta sake, ga ɗigon jini ya bushe. Abin da ya fi ƙona mini rai, garin warwara da reza ta yanke furen ƙarshe da mahaifiyata ta ɗinka.

Suka shigo tare da Inna Rabi suka same ni a tsaye a kansa. Na ce, "Kin ɓata mata. Da ma ba kya son ta. Ko sunanta ba kya faɗa, da ta mutu ma ba ki yi kuka ba."

Inna Rabi ta ɗaga hannu za ta mare ni. Dada ta ce, "Bar ta, Rabi." Ta durƙusa ta bi zanen da tafin hannu har ta kai inda rezar ta ci. Ta daɗe a wurin. Sannan ta naɗe shi ta sa a ƙasan adaka, ban ƙara ganinsa a hannunta ba.

Kwana uku ba a yi tatsuniya ba. A na huɗu muna zaune a bakin murhu sai ta ce ta tsinto wata a hanyar rafi. 'Ya'yan Inna Rabi suka amsa. Ni na juya baya, amma kunnena yana wurin.

Ta ce an yi wata mata mai 'ya'ya biyu. Babbar ta fafe mata ƙwarya mai kyau, ta yi mata zane, sannan ta rasu. Da wannan ƙwarya matar take ɗebo ruwa, har ranar da ta suɓuce ta tsage. Ta ɗinke ta, ta je rafi ta cika, kafin ta iso gida babu ko ɗigo. Ƙaramar 'yar ta ce, "Inna, ƙishirwa." Ta ce, "Bari in gyara ɗinkin." Gobe haka, jibi haka. Wani kwaɗo da ke bakin rafi ya gaji da kallo ya ce, "Baiwar Allah, kullum kina shayar da hanya, wa yake shayar da ta gida?" Ta ɗauki hoge ta jefe shi. Da ta koma gida a ranar, sai ta tarar ƙofa a buɗe. Yarinyar ta fita neman ruwa da kanta. Uwar ta bi ƙauyuka tana kira, babu wanda ya gan ta. Ta dawo ta rataye ƙwaryar a ɗaki, ta je ta haƙo yumɓu, ta gina tulu, ita da ba ta taɓa gini ba. Ya fito a karkace, bakinsa kamar na mai hamma, amma yana riƙe ruwa. Kullum sai ta cika shi ta ajiye a ƙofar gida, ta ɗora moɗa a kai.

Dada ta tura kara cikin wuta. Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "To yarinyar ta dawo?"

Ta ce, "Nan tatsuniyar ta tsaya, Bilki. Na mayar da ita inda na tsinto ta, ku je ku wanke ƙafa."

Ba a yi mako ba ta sa Inna Rabi ta koya mata saƙar rigar sanyi, wadda ita Inna Rabi ta koyo a ajin mata a Gwaram. Aka gyara mata ƙarafa biyu na tayar keke, aka sayo zaren ulu ruwan ƙasa ranar kasuwa. Da farko zaren yana ta zamewa, tana tsaki. Da hannunta ya faɗa sai ta daina kallo gaba ɗaya. Takan ce, "Wannan ba ruwansa da ido, yatsu ne suke gani." Tatsuniyoyi suka dawo cikakku, ƙarafan suna ƙas-ƙas a ƙarƙashin muryarta. Ta zaunar da ni ta tsefe mini kai da kanta. Wani lokaci ta jawo ni ta gwada faɗin bayana da taƙi, ni kuwa in sandare kamar itace.

Rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta miƙo mini, na karɓa na ce na gode, don an koya mini haka. Ban sa ba ko sau ɗaya. Da sanyi ya wuce Babana ya zo ya ce zai mayar da ni Birnin Kudu in shiga makaranta. Ranar tafiya na cusa rigar a ƙarƙashin tabarmar da nake kwana, inda na san za ta gani idan ta zo naɗewa. Ta rako mu har bakin hanya tana riƙe da hannun Inna Rabi. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, ban waiwaya ba.

Duk sallah Baba yakan je gaishe ta. Ya ce in shirya, in ce ina da hadda, ko kaina yana ciwo. Bai taɓa matsa mini ba. Ina da shekara goma sha uku aka aiko da rasuwarta.

A wannan karon na bi Baba Kwandiko, bayan sadakar uku Inna Rabi ta kira ni ɗakin Dada ta ajiye ƙunshi a gabana. Rigunan sanyi ne guda huɗu, ta farkon tana ƙasa, kowacce ta ɗara ta bayanta girma. Ta ƙarshen babu kuskure ko ɗaya a jikinta, ga shi a shekarar ko fuskar mutum Dada ba ta gani. Inna Rabi ta ce, "Duk wanda ya zo daga Birnin Kudu sai ta tambaye shi, yarinyar ta kai ina yanzu? Ya nuna a jikinsa, ta laluba ta auna."

Na ce, "Me ya sa ba ta ba Baba ya kawo mini ba?"

"Na faɗa mata. Ta ce a'a, a bar su nan, mai su za ta zo."

Na gwada babbar a gaban Inna Rabi. Ba ta shige ni ba, na yi tsawo a shekarar fiye da yadda aka gaya mata.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin wa'azi: abin da ya lalace a ajiye shi a kama wani. Haka ne, kuma na ga Dada ta yi hakan a gabana, ta rufe adaka a kan abin da ya fi komai daraja a wurinta, ta koyi sabuwar sana'a da makanta. Amma sai da na haifi tawa 'yar farin, na ji yadda sunanta yake yi mini nauyi a gaban mutane alhali ita ce numfashina, sannan na gane sauran. Tsohuwa irin Dada ba za ta iya duban jikarta ta ce ki yafe ni ba. Sai ta zauna a gaban yara, ta mai da kanta matar da ta jefi kwaɗo, ta faɗi laifinta da bakinta. Da na tambaye ta ko yarinyar ta dawo, ba ɓoye mini ta yi ba. Ba ta sani ba ne, ni ce mai amsar.

Daga Birnin Kudu zuwa Kwandiko ba wata tafiya ba ce, ana zuwa a dawo a yini. Shekara huɗu Baba yana tsayawa a bakin ƙofa yana jirana in ɗauko mayafi.