Ranar da Jirgina Ya Watsa Raƙuma a Bakin Rijiya

Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Dakoro, na daɗe ina koyar da lissafi. Da na aje aiki zaman gida ya ishe ni, sai ɗiyata da ke Yamai ta aiko mini da ɗan jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da telekwamandi, ƴar na'urar da ake riƙewa a hannu. Ta ce in fara koyon tsayar da shi wuri ɗaya, daidai gwiwa, kafin in ɗaga shi sama. Kwana huɗu na bi maganarta. Ranar da ya tsaya cak a tsakar gida, na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, har maiɗakina ta bar daka ta zo tana tafi. Daga nan na ɗauka na ƙware.

Da hantsi na tafi da shi wata rijiya a hanyar Birnin Lalle, inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Gaskiya ƴan kallo na je nema. Ya tashi lafiya, amma da ya juyo ya fuskance ni sai dama ta koma hagu, hannuna ya rikice. Iska ta kwashe shi, ya yi kan raƙuma yana ƙugi. Suka watse. Amalen da ke jan guga ya fizge, ya kayar da dattijon da ke riƙe da akalarsa dab da bakin rijiyar. Na yar da telekwamandin na ruga wurinsa.

Allah ya kiyaye, gurjewa kawai ya yi a hannu. Muka yini muna tattaro raƙuma, ina ta ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma sai na nuna masa yadda ake sarrafa wannan fara ta ƙarfe. Da na canja farfelar da ta karye, muka haɗu a wani fako nesa da kowa. Ya ce fizga nake yi, kuma ko dabba ba ta bin mai fizga. Cikin sati biyu ya fi ni iya saukar da shi. Yanzu duk ranar kasuwa in ya shigo gari sai mun fita, muna gardamar wanda zai fara.

Na samu aboki, amma har yau in na tuna taki biyu ne tsakaninsa da rijiyar nan, gabana faɗuwa yake. Masu sha'awar wannan wasa, ku koye shi a hankali, a fili, nesa da mutane da dabbobi. Son a gani ya kusa sa ni ɗaukar alhakin rai.