Baba Iro Bai Yarda Sai An Gwada

Duk wanda ya san Baba Iro, yayan mahaifina, ya san ba a gaya masa magana ya ce "to". Sai ya karkata hula ya ce, "An gwada?" Aji uku kacal ya yi a lakkwal, wato makarantar boko, sauran iliminsa wajen gyaran famfo ya tsince shi, amma ya fi malaman makaranta naci.

Wata damina aka ce masa takin awaki ya fi na shanu. Ya raba gonarsa ta hanyar Gabi gida biyu, rabi takin awaki, rabi na shanu, ya hana a haɗa geron a rumbu. Har tuwo sai da ya sa matarsa, Inna Hajo, ta tuƙa tukunya biyu. Ta dire masa ta ce, "Malam, wane ya hi daɗi?" Ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, ya ce, "Miya ke ruɗa ni. Gobe a sake, ba miya." Ta ce, "Gobe kai ka tuƙa."

Ya taɓa aro madubin nan mai ƙara girman abu wajen wani malami, ya ɗiga ruwan tafkinmu na Madarunfa, ya tara unguwa. Alhaji Sani direba, mai alfaharin ya shekara arba'in yana shan ruwan nan lafiya lau, ya leƙa, ya ja da baya.

"Iro, waɗanga masu motsi duk suna cikina?"

"Har da jikokinsu."

Tun ranar gidan Alhaji ke tafasa ruwa.

Shekarar da muka gama kwaleji ni da ɗan tagwaina Hasan, na so in tafi lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi in karanta kimiyya. Mahaifina ya ce Hasan zai tafi, ni in zauna in koyi ɗinki, wai kan ɗiya mace ba ya ɗaukar lissafi. Kwana biyu ina kuka, har na cire rai. Sai ga Baba Iro a zaure.

Ya dubi mahaifina ya ce, "Wa ya hwaɗa maka hakanan?"

"Kowa ya sani, Yaya."

"An gwada?" in ji Baba Iro. "To su tahi tare shekara guda, mu auna."

Ƙarshen shekara ya jera takardun sakamakonmu a tabarma. Na wuce Hasan a lissafi da nisa. Mahaifina ya ɓata fuska ya ce, "Sa'a ta yi." Baba Iro ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka, gwaji guda bai isa ba. A ƙara masu shekara biyu."

Haka na ci bak, jarrabawar gama lise. Yau ni ke duba jini a asibiti, kuma duk Asabar 'yan matan unguwarmu na zuwa in koya musu lissafi. Ta farkonsu ma mahaifina ne ya rako ta, ɗiyar maƙwabcinsa.

Baba Iro bai ga na sa farar riga ba, ya rasu saura wata huɗu in gama karatun aikin asibiti. Wannan har yau yana mini ciwo. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ladan abin da yaran nan ke koya ya riske shi inda yake kwance.