Madam Falita da Murfin Tukunya

Wata magana da Hajiya Nuriyya ta yi a gidan suna a unguwar Badi'a, nan Riyad, ce ta sa na ɗauki biro. Ana hirar maƙwabta, sai na ji ta ce, "Ai waccan mai kiɗan ta gidan su Hansai an ce ta tattara ta koma ƙasarsu." Ni ce Hansai ɗin. Waccan mai kiɗan! Matar da ta yi kusan shekara talatin tana koyarwa a garin nan, wai ita ce waccan mai kiɗan, sai ka ce mai buga gwangwani a bakin titi. Da ƙyar na haɗiye lomar da ke bakina. Ban tanka ba saboda gidan mutane ne. Yanzu kuwa a ɗakina nake, zan faɗi tawa.

Sunanta Perlita Dumalagan, 'yar ƙasar Filifin. Bakinmu bai iya ba, muka mayar da ita Madam Falita, ita kuma ta amsa. Gajeruwa ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, kullum da tabarau rataye a wuya tana nemansa a jaka. A wani tsohon gini muke a unguwar Manfuha, hawa na biyu. Ƙofarta na kallon tawa, bango ɗaya kuma ya raba kicin ɗinta da na Balkissa, mutuniyar Damagaram, matar Bachir tela. Bangon nan kuwa, in ka yi atishawa a nan, daga can ake ce maka yarhamukallah.

A hirarmu ta tsaye a bakin ƙofa, rabi Larabcin kasuwa rabi Turanci, na tsinci tarihinta. A wani ƙaramin gari na bakin teku aka haife ta. Ubanta mai busa ƙaho ne, da biki da jana'iza duk shi ake kira. Ta ce tun tana ƙarama take gane ko aure aka yi ko mutuwa daga yadda yake goge ƙahon in ya dawo. A cocinsu ta koyi fiyano, daga nan ta yi kwalejin kiɗa. Ni ma sai a bakinta na fara jin ana yin kwaleji sukutum don kiɗa, kuma har faɗuwa jarrabawa ake yi. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda. Ta bar yaron wajen uwarta, ta zo Riyad aikin koyarwa a makarantar 'ya'yan Filifin.

Lokacin da ta zo, kiɗa ba abin yi a fili ba ne. Ƙaramin fiyanonta mai lantarki da bargo take lulluɓe bakinsa in za ta taɓa shi a gida. A haka ta tsara taken makarantarsu, ta tsara waƙoƙin yaye ɗalibai, ta haɗa rukunin yara mawaƙa da suka ciyo kofi a gasar 'yan ƙasarsu. Na ga kofin da idona, a ciki take ajiye maɓallai da allura. Da zamani ya juya, kiɗa ya fito fili, sai ga manyan motoci suna kutsowa lungunmu da 'ya'yan Larabawa masu son koyo. Ba ta ƙara wa kanta girma ba, bargon kawai ta cire.

Amma abin da aka fi saninta da shi waƙar bankwana ce. Duk ɗan ƙasarsu da zai yi huruj, wato tafiyar da ba dawowa, ko nas ce, ko direba, ko mai walda, sai Madam Falita ta tsara masa tasa. Tana da ƙa'ida biyu. Ba ta rubuta komai sai ta ji wani sauti na mutumin, ko fitonsa, ko dariyarsa, ko jan takalminsa. Akwai wani mai gyaran firji da ba ya magana sai ya yi gyaran murya. Ta sa gyaran muryar a tsakiyar waƙa, aka yi ta dariya har ana riƙe ciki, shi kuwa yana kuka. Ƙa'ida ta biyu, dole sunan mai tafiya ya fito, kuma wanda ya fi kusa da shi ne zai rera wurin. Ta ce mutum ya yi shekaru ana kiransa da "kai" ko "yalla", bai kamata ya hau jirgi bai ji sunansa a bakin nasa ba.

Addininta nata ne, namu namu ne. Ba ta taɓa kawo mana nata ba, kuma da azumi ko ƙamshin girkinta ba ka ji kafin magariba. Wanda ke da abin faɗa a kan wannan ya same ni.

To, ga Muhibba. Ita ce 'yar farin Balkissa. A nan aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa tsince-tsince. Tun tana rarrafe take shigewa ɗakin Madam, a can ta koyi rera waƙa da karanta rubutun kiɗa, wanda ni a idona tururuwa ce a kan igiyar shanya. Da ta gama sakandare, aka samar mata jami'a a Yamai. Madam ta ce wannan karon ba ruwanta da ƙasa, ɗalibarta ce, sai ta yi mata waƙa.

Ranar da ta shiga wurin Balkissa ina nan, muna tsinke alayyahu.

"Mama," in ji Madam, "layi ɗaya ne naki, mai sauƙi. Sunanta kawai za ki rera."

Balkissa ta kalle ni, ta kalli alayyahu, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Ba wuya. Ce Mu."

"Madam, don Allah."

"Mu! Buɗe baki sosai. Daga ciki, daga nan." Har tana dafa mata ciki.

Balkissa ta tuntsire da dariya, ta ce da Hausa, "Yaya Hansai, ki raba ni da matar nan, za ta zubar mini da mutunci da tsakar rana." Ta miƙe ta shige kicin.

Madam ta biyo ni gida tana huci, tabarau na rawa a ƙirji. "Wace irin uwa ce wannan? 'Yarta za ta tafi, tana dariya!"

Na zaunar da ita na ce, "Saurara, Madam. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Alkunya ce. Ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba, kuma shi ne ranta."

"To ki gaya wa yarinyar!"

Ai na gaya mata, ba sau ɗaya ba. A nan matsalar take. Yarinyar da ta tashi tana ganin uwayen ƙawayenta na ihun "ya habibti" tun daga bakin get ɗin makaranta, suna sumbatar goshi, me za ka gaya mata? A ranar ma Muhibba ta same ni a matakala, ido ya yi ja.

"Inna Hansai, ƙannena tana kiransu, Shakir, Gali, har unguwa ta ji. Ni fa? Murfin tukunya take buga mini da ludayi, kamar mage. In na tafi, wallahi Baba kaɗai zan riƙa kira. Me za ta ce mini? 'Ke, kin ci abinci?' Kalas, shi ke nan."

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya." Amma na san jininsu. Balkissa ba za ta roƙa ba, 'yar kuma ba za ta sauko ba. A haka za a hau jirgi, shekaru su yi ta tafiya.

Na kwashe duk wannan na je ɗakin Madam na gaya mata, har da zancen murfin. Sai na ga ta tsaya cak.

"Murfi? Wannan na kowace safiya?"

"Shi."

Ta ɗauki cokali ta buga a gefen kofin maɓallanta: ɗaya a hankali, ɗaya da nauyi, ɗaya a hankali. Kan-kwan-kan. "Haka?"

"Haka fa. Ke ma ya dame ki ko?"

Ta sake bugawa, bakinta na motsi. Can ta ce in tashi in ba ta wuri, aiki za ta yi. Ni Hansai aka kora kamar kaza. Na tafi, amma na ji haushi.

Kwanakin da suka biyo baya ta tara mu, matan ginin, tana koya mana amshi. Wahalar da muka ba matar nan, Allah ya yafe mana. Ta ce mu hau sama, mu tafi gefe. Ta ce mu yi a hankali, wata ta rangaɗa guɗa. Ni ta ce muryata na da ƙarfi, in koma can baya kusa da taga. Na san abin da take nufi. Kalmomin Hausar ni na ba ta: Allah ya kiyaye hanya, ya sa a gama lafiya, a dawo da abin alheri. Ba wani abin a zo a gani ba. Ga Balkissa kuwa abu ɗaya ta roƙa.

"Mama, ba za ki rera komai ba. In na gyaɗa kai, ki buga murfinki yadda kike yi kullum."

"In wannan ne, mafi mushkila, ba damuwa," in ji Balkissa. "Ai bugawa nake yi dama."

Aka yi walimar ranar wata Juma'a bayan la'asar, mata zalla, a falon Balkissa. An ci shinkafa da kaza, an sha lemo, Muhibba na zaune a tsakiya ta haɗe rai kamar an aiko ta karɓar gaisuwar mutuwa. Madam ta jona fiyanonta a soket ɗin firji. Balkissa ta tsaya can bakin ƙofar kicin da murfi da ludayi, tana kallon silin.

Muka ɗauki baitin farko. Da muka iso wurin sunan, Madam ta gyaɗa kai. Mu muka ce "Mu-hib-ba," murfi ya ce kan-kwan-kan. Tare suka faɗi, daram, ba gaba ba baya. Na ce a raina ko dacewa ce.

A baiti na biyu, dab da sunan, Madam ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta ɗauke yatsunta daga fiyano. Falo ya yi tsit. Ta gyaɗa wa Balkissa kai.

Kan-kwan-kan.

Ba wadda ta buɗe baki, amma duk wadda ke ɗakin ta ji sunan. Wata tsohuwa daga hawa na uku ta ce, "La ilaha illallahu." Muhibba ta ɗago kai a hankali ta dubi uwarta. Na ga leɓenta na maimaitawa. Shekara da shekaru ana kiranta da sunanta kowace safiya, ita tana tura baki.

Balkissa ta ga idanu sun yi mata caa. Ta saki ludayi ya faɗi. "Shinkafa za ta kama," ta ce, ta faɗa kicin. Shinkafar da ke cikinmu tuni! Muhibba ta tashi ta bi ta, ta turo ƙofa. Abin da aka yi a ciki ban sani ba, kuma ban kasa kunne ba, ko da yake bangon ya so ya taimaka. Madam ta ci gaba da kiɗinta a hankali, hawaye na bin ƙasan tabarau, tana harararmu don mun manta amshi.

Washegari na tsare Balkissa. "Ashe sunan kike bugawa, munafuka?"

"Ni? Yaya Hansai, ki ji tsoron Allah. Murfi nake bugawa."

Har yau a kan haka take, ni kuma na bar ta.

Madam Falita ta yi nata huruj ɗin watan jiya, ɗanta ya matsa ta koma ta ga jikoki. Makarantarsu ta yi mata taro da jawabai da allon yabo. Amma matar da ta yi wa kowa waƙa, ba wanda ya tuna ya yi mata. Mu muka tare ta a matakala da murafan tukwanenmu, muka rera mata ta Muhibba da sunanta a ciki. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido, sannan ta ce mun sauka daga kan murya tun layin farko, mu sake. Direba na ta hon a ƙasa, muka sake.

Muhibba kuwa duk Juma'a sai ta kira, kuma wayar uwarta take kira, ba ta Bachir ba. Jiya ina can aka kira. Balkissa ta ɗauka, ta juya mini baya, ta sa farce ta ƙwanƙwasa bayan wayar. Daga Yamai na ji an ce, "Na'am, Mama."

Sai Balkissa ta ce, "Ke, kin ci abinci?"

Asabar mai zuwa akwai wani sunan a unguwar Utaiƙa, kuma na san Hajiya Nuriyya ba ta wuce gidan suna. Kusa da ita zan zauna.