Matar Da Ta Ɗora Wa Shara Dutse

Duk ranar da jirgin ruwa zai zo, wato Talata da Juma'a, kafin ya bayyana Osla Isbister ta riga ta buɗe rumfar shara da ke bakin mashiga, inda jirgin ke tsayawa. Kwalba gefe, gwangwani gefe. Kwali ta tattake shi da takalmin roba har ya kwanta, tsohuwar komar kamun kifi kuma ta warware igiyarta ta rataye wa masu tumaki. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. Mu saba'in da 'yan kai ne a tsibirin nan, kuma babu wanda ba ta san cikin buhunsa ba. Ka kai mata gwangwanin kifi ba ka ɗauraye ba, ka shiga uku.

"Lowrie, ruwa ne ya ƙare a gidanku, ko hannun ne ba ka da shi?"

Lowrie direban jirginmu ne, ƙato mai jikoki huɗu, amma haka zai ja buhunsa ya koma famfo yana ƙunƙuni.

Kafin Osla, rami ne a bayan makaranta. A zuba komai, a cinna wuta, yara su wuni suna tari, tumaki su haɗiyi leda su mutu. Ita ta sa aka cike ramin. Rabin rumfar kuma ta mayar ma'ajiyar abin da bai gama mutuwa ba: ƙofofi, tayoyin keke, injin wankin da ba ya wanki amma cikinsa lafiya. A wurin da ƙusa ɗaya sai ka jira jirgi, jirgin kuma sai teku ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin sanyin da muka yi kwana goma sha tara jirgi bai zo ba, murhun ɗumama gidan tsohuwa Mima ya lalace. Daga tarkacen Osla aka ciro abin gyara, Mima ta kwana da ɗumi.

Bara sai ga takarda daga hukuma can babban gari. Wai rumfar tarin tarkace ce, za a kwashe a rufe, a ajiye mana ƙaton akwatin ƙarfe mu riƙa zuba komai a cakuɗe. Osla ta rubuta musu sau uku, ko uffan. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kuma ji tsoro, don ta san daga nan ramin nan za a koma.

To, tsibirinmu ba bishiya. Tun kakanni, katakon da teku ta kawo, wanda ya ja shi kan tudu ya ɗora masa dutse, nasa ne. Ko zai shekara goma babu mai taɓawa. Wanda ya ɗage dutsen wani, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Kwana uku Osla na tura baro daga bakin teku, da gwiwarta mai ciwo. Ranar da jami'in hukumar ya sauko da motar lodi, sai ya tarar da dutse a kan kowace ƙofa, kowace taya, kowace tsohuwar firji.

"Inna, mene ne wannan kuma?"

"Kayana ne, ɗan nan."

"Amma a takarda shara ce."

"To ka ce wa takardar ta zo ta ɗauka."

Ya juya ga Lowrie da mutanensa, waɗanda aka ba aikin lodi. "Ku fara."

Lowrie ya zuba hannu a aljihu. "Yallaɓai, ce mini in ɗauki motarka a ka, zan gwada. Amma dutsen Osla? A tsibirin nan fa za a binne ni."

Jami'in ya miƙa hannu zai ɗaga da kansa. Ya waiga, ya ga mutum talatin tsaye a mashiga suna kallonsa. Ya janye hannun ya gyara kwalar rigarsa. Motar ta koma yadda ta zo.

Ke ce Osla, mai taurin kan da ya amfane mu. Ke ce kika sunkuya a kan ƙazantarmu shekara da shekaru, mu kuwa muka riƙa wuce ki muna toshe hanci. Ba ki taɓa hawa mumbari ba, ba a taɓa rataya miki lamba ba. Mun gode, kuma muna jin kunyar jinkirin godiyar.

Ƙarshen watan nan Osla za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Hukuma ba ta haƙura ba, jira take yi. Ta rubuto cewa idan babu wanda ya karɓi makulli, rufewa za a yi. Da na gaya wa Osla zan rubuta mata jinjina, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rubuta abin da ka ga dama. Wa zai buɗe ƙofa?"

Ni na karɓi buɗewar ranar Talata. Juma'a har yanzu babu mai ita.