Kanwar da Na Aika Kalgo

Ni ce babbar nas a wani ɗan asibiti a Gwandu lokacin da aka turo mana wata yarinya, wai ta koyo aikin bincike. Tun satin farko ta ishe ni. Layi har bakin ƙofa, mata tun daga Masama da Kambaza, ita kuwa ta tasa mai jego ɗaya a gaba da tambayoyi: sau nawa kike wanka? Kunun kanwa ludayi nawa? Kina kwana kan gadon wuta?

Wata rana ta same ni a ofis, ta rusuna.

"Mama, masu jegon da ke zuwa da kumburin ƙafa da haki, kusan duk kanwa ce ta yi musu yawa. Ga ruwan zafi. Zuciya ce ke gajiya. Ki ba ni ranar awo in riƙa yi musu bayani."

Na dube ta sama da ƙasa. "Ke, haihuwata shida, kowacce da kunun kanwa na tashi. Kin taɓa haihuwa? To, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Na mayar da ita ɗakin allura. Gaskiya kishi ne. Shekara ashirin ina aiki, ba wanda ya tura ni karatu ko'ina.

A damanar nan ɗiyata ta fari ta yi haihuwa ta biyu a gidan mijinta a Kalgo. Aiki ya hana ni zama, sai na aika da itace da kanwa mai kyau, na ce wa surukarta kada a yi mata ƙwauro.

Kafin arba'in aka kawo ta a bayan a-kori-kura. Ƙafafu sun yi suntum, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Na kasa yi mata komai. Yarinyar nan ce ta karɓe ta, ta sa mata allurar da ke fitar da ruwa, ta ce a tsayar da wanka da kunun nan take. Ko kallon zargi ba ta yi mini ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana tara ɗiyata ta yi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai na ba yarinyar ranar awo. Ni nake tsayawa a gefenta, don matan ba sa jin maganar wadda ba ta haihu ba.

Mahaifiyata kuwa, har ta koma ga Allah tana cewa wankan da aka katse ne ya kashe jikarta. Kullum ta faɗa, sai in ce, "Haka ne, Inna."