Kilishin Malam a otal ɗin masu cin ganye

Tun asubar fari muka tashi, ni da 'yata. Muka yi salla, muka sauko da akwatunanmu, sanyin Bronx yana shiga har ƙashi. Maƙwabcinmu ɗan Maraɗi mai tasi shi ya kai mu filin jirgi, ya kuma rantse ba zai karɓi ko sisi ba, ya ce shi da Malam, marigayi maigidana, ba su yi haka ba. Wannan ce tafiyata ta farko tun da na fita takaba. Ku matan unguwarmu ta Concourse Village da kuka zauna mini zaman makoki kun yi ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ni kuma baki ba ya iya faɗi, shi ya sa na rubuta.

Kun san Malam ciwon zuciya ne ajalinsa. Tasi yake ja, ranakun hutu kuma ya yi kilishi a obin, murhun gashi na kicin ɗinmu, ya kai wa mutanenmu masu kasa kaya a titi na 125 a Harlem. 'Yata ita ce ta fari, ita kaɗai kuma ta rayu mana. Aikin jinya take karantawa. Bayan an binne babanta ta daina cin nama da duk abin da ya fito daga jikin dabba, ta ce nama da gishiri ne suka kashe shi. Ta kwashe kicin ɗina kaf ta zubar, har da man shanun da aka aiko mini daga gida. Da likita ya ce ni ma jinina ya hau, sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta yi mini magana da Turanci, domin Hausa tana ji amma da Turanci take amsawa.

"Mama, na kalli mutum ɗaya yana mutuwa a gidan nan. In na sake ganin nama a hannunki, zan tattara kayana in bar miki gidan."

Ba barazana take yi ba. Wata ƙawarta a Staten Island ta riga ta ce akwai ɗaki. Ni kuwa a ƙasar nan ba ni da kowa sai ita.

Ita ta nemo otal ɗin a wata mujalla, a tsibirin Puerto Rico yake, ba a cin komai a cikinsa sai ganye da hatsi da 'ya'yan itace. Ta ce hutu za mu yi, jinina ya sauka. Abin da ba ta sani ba shi ne, a ƙasan akwatina, cikin zannuwa, akwai ƙullin kilishi. Shi ne na ƙarshe da Malam ya yi. Da hannunsa ya naɗe shi a takardar shago, ya ɗaure da zare. Ban taɓa kwance shi ba. In kewa ta taso mini sai in rufe ƙofa in shinshina, in ji ƙamshin labu da citta, in mayar. Na ji tsoron barinsa a gida, kun dai san ɓerayen gininmu.

Da muka sauka San Juan, babban birnin tsibirin, zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi, mai ɗanshi irin na Legas. Na tuɓe rigar sanyi na ji kamar an sauke mini kaya. Wata ƙaramar bas ta ɗebe mu. Da farko titi ne mai faɗi, daga baya ya tsuke ya dinga lanƙwasa a gefen duwatsu, ga ayaba da rogo da gwanda ko'ina, kaji suna kiwo a bakin hanya kamar a ƙauyenmu. Direban yana ta zuba da Sifananci, 'yata tana amsa masa da ɗan wanda ta koya a makaranta. Mun tsaya an sayi mangwaro. Da kuɗin guda ɗaya a Harlem aka cika mana leda. A kowane rami motar ta faɗa, hankalina yana kan akwatin da ke baya.

Otal ɗin ba bene ba ne. Ƙananan ɗakunan katako ne a warwatse cikin itatuwa, kana jin ƙugin teku amma sai ka ɗan taka kafin ka gan shi. Lantarki daga hasken rana suke samu, ruwa kuma na sama ne suke tarawa a tanki. Babu na'urar sanyaya ɗaki, sai gidan sauro. Bayan gida na rami ne, in ka gama ka zuba dusar katako. Na ce a raina, ashe abin da muka baro a gida shi ne mutane suke hawa jirgi su biya kuɗi su zo su yi.

Mai wurin wata Baturiya ce siririya, ta manyanta, ba ta sa takalmi. Ta karɓe mu da fara'a, ta ba mu ruwan kwakwa, ta jera mana dokoki, 'yata tana maimaita mini abin da ban kama ba. Ba a shan taba, ba a shan giya, ba a kashe ko ƙwaro, ba a shigo da nama ko kifi ko ƙwai cikin harabar. Sannan ta tambaya ko muna ɗauke da wani abinci da za ta ajiye mana. 'Yata ta ce babu. Baturiyar ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

Abincin ba laifi, gaskiya. Shinkafa da wake, dafaffen rogo, kabewa, da wata dakakkiyar ayaba mai kama da sakwara. Sai dai komai lami, gishiri kamar an nuna masa tukunyar daga nesa. Shayi kuma babu madarar shanu, sai ta kwakwa. Baƙin da muka tarar yawanci Turawa ne, suna tauna a hankali suna lumshe ido. Da safe sukan shimfiɗa tabarmi a rumfa su yi ta miƙe-miƙe, 'yata tana cikinsu. Ni kuma in zauna da carbina a bakin ɗaki. Kullum sai 'yata ta ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta karanta, ta cire. Haka muke tun rasuwar: magani, abinci, awo. Babanta dai ba ma ambatonsa.

Washegarin zuwanmu na ga kiyashi. 'Yan kaɗan ne, sun shigo ta tsagar katako, sun miƙe zuwa ƙarƙashin gado inda akwatina yake. Na share su da ƙafa, na ɗora akwatin a kan kujera. Da yamma suka hau kujerar. Na tuna dabarar gida, na samo ɓawon kwakwa na zuba ruwa, na tsoma ƙafafun kujerar a ciki. 'Yata ta shigo ta tambayi me ke nan, na ce kiyashi ne suka dame ni. Ta ce nata akwatin ga shi a ƙasa ba su kula shi ba. Na ce wataƙila turarena suke bi.

Da na ga abin ba ya ƙarewa, na je wurin mai otal da ɗan Turancina na roƙi maganin ƙwari, ko kananzir kaɗan. Ta yi murmushi ta ce su ba sa fesa guba, gidan na kiyashin ne kafin ya zama nata. Ta ƙara da cewa ba sa shiga ɗaki haka kawai, sai in sun ji abinci, musamman mai maiƙo. 'Yata tana tsaye a bayana ta ji komai. Muka koma ɗaki. Da ta shiga wanka na ciro ƙullin, na sa a jakar hannu, na hau gado na rataye ta a jikin azarar rufi, bayan gidan sauro.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. 'Yata ta kai ni bakin teku, ruwa shuɗi garau, yashi fari, amma ni rufin ɗaki nake gani. Na yi tunanin in jefa ƙullin a ruwa in huta, hannuna ya ƙi. Na yi tunanin in faɗa mata, sai in tuna fuskarta a bakin ƙofar ɗakina a Bronx.

Ranar da abin ya fito, da hantsi ne. Na tsaya a rumfar cin abinci ina ƙarasa shayi, 'yata ta riga ni tafiya ɗaki. Da na iso na tarar da mai otal da matar da ke shara a bakin ƙofa, suna kallon bango. Kiyashi ne layi guda, baƙi ƙirin saboda yawa, daga gindin itace zuwa bango, zuwa azara, suka gangaro ta igiyar jakar. 'Yata tana tsaye a tsakiyar ɗaki da ƙullin a hannu. Maiƙo ya huda takardar, ƙamshin yaji ya cika wurin.

Mai otal ta ce a hankali, abin nan ba zai kwana a harabarta ba, ta ja mai sharar suka tafi. 'Yata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita tana aikin ƙarshen mako tana tara kuɗin kawo ni nan don in rayu, ni kuma ina ɓuya ina cin abin da zai kashe ni. Ta ce da mun koma za ta kira ƙawarta. Ta ajiye ƙullin a kan gado, ta fita, ta nufi hanyar teku da sauri.

Na ɗauki ƙullin na bi ta, kiyashi suna hawa hannuna suna cizo. Ina cewa ke, ke, tsaya mana, ba ta waiga ba. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta a gabanta ba, babanta ne mai kira. Da na ga ta kusa shan kwana, sai na buɗe baki na kira ta da sunanta na yanka.

Ta tsaya cak. Ta juyo tana kallona kamar ba ta san ni ba.

Na ƙarasa ina haki, na miƙa mata. Na ce, "Dubi ɗaurin. Ɗaurin wa ne?"

Ta duba. Malam yana da yadda yake ɗaure zare, sau biyu da ɗan kunne a gefe, ita ce take riƙe masa da yatsa tun tana ƙarama.

"Ba ki ci ba?"

"Ban kwance ba ma. Shi ne na ƙarshe. Shinshinawa nake yi."

Ta kai shi hancinta, duk da kiyashin. Sai ta durƙushe a kan yashi ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Na zauna kusa da ita. Ta ce ta ɗauka ban damu ba ne, don ba ta taɓa ganin hawayena ba, kuma ko sunanta ba na iya faɗi. Na ce mu haka aka rene mu, abin da ya fi girma a zuciya shi ake ɓoyewa. Ta ce ita ba a gida aka rene ta ba, a Bronx ne, ba ta iya karanta shiru. Na riƙe hannunta.

Ita ta kwance zaren. Muka shanya kilishin a kan wani dutse mai zafi, rana ta kori kiyashin. Sun ci gefe-gefe, amma yawancinsa yana nan, ja, siriri, kamar jiya aka gasa. Na dube shi na san ba zai ƙara watanni ba, kuma ba zan iya mayar da shi ɗaki ba. Can gaba akwai masunta suna gyaran raga a inuwar jirginsu. Na ce mata abincin mamaci ba abin da ya fi masa kamar a yi sadaka da shi, ladan ya same shi. Ta tattara shi da hannunta, ta wuce gaba.

Ta yi musu bayani da Sifanancinta. Wani tsoho a cikinsu ya cire hularsa da ya ji na wane ne. Suka rarraba suka ci. Yajin ya kama ɗayansu, yana tari yana share ido yana ɗaga mana babban yatsa, sauran suna masa dariya. Na ce ai Malam ba ya jin magana a kan barkono. 'Yata ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce da Hausa, a hankali, "Allah ya jiƙan Baba." Na ce amin.

Sauran kwanakin mun yi su lafiya. Na je na ba mai otal haƙuri, ta ce ya wuce. Da yamma mukan zauna a bakin ruwa, ƙananan kwaɗin tsibirin suna kuka kamar tsuntsaye, tana tambayata yadda muka haɗu da babanta, ina ba ta labari. Jinina bai sauka sosai ba, amma ya ɗan motsa.

Mun dawo muka tarar da dusar ƙanƙara ta rufe motoci a layinmu. A cikin lif, muna hawa benenmu, 'yata ta ce mini ba za ta kira ƙawar ba, amma maganar gishiri tana nan, kuma ranar ganin likita tare za mu je. Na ce na ji.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Na iya dafa wake ba nama, ya kuma ciwu. Sannan na gane 'ya'yan da muka haifa a ƙasar nan ba su san kunyarmu so ba ce. Ku da kuke da su a gida, ku faɗa musu da baki tun kuna tare. Ni sai da na rasa miji, na kusa rasa 'ya, kafin na iya.