Yadda Na Tayar da Baunar Baffa

A garin da aka hana mutum ko firgita tantabara na zama masanin harsashi. Laifin kundin digirina ne. Babin farauta da yanka aka ba ni in yi bincike a kai, a jami'a a nan Makka, kuma a cikinsa akwai tsohuwar muhawarar malamai: dabbar da aka harba da dalma ta mutu kafin wuƙa ta riske ta, huda ta aka yi ko dukanta aka yi? Ɗalibi mai hankali yakan jero maganganun malamai, ya rinjayar da ɗaya, ya wuce. Ni kuwa sai na ce sai na san dalmar kanta. Wata huɗu na ɓata ina karatun bindigogin farauta na da, musamman irin masu mariƙi a ƙarƙashin kunama, waɗanda ake jan mariƙin ƙasa a mayar, su tofar da kwanso su haɗiyi sabon harsashi. Har yau ban taɓa riƙe bindiga ba. Ragon layya ma mahauci nake kira.

A wannan shekarar ne baffan matata ya zo umara, ya sauka a gidanmu a unguwar Mansur. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana goye, shi ya ba ni aurenta. Mahaifin nata, abin da aka gaya mini lokacin neman aure shi ne ya rasu a daji. Ban ƙara tambaya ba, don ba a shafin littafi aka rubuta ba.

Baffa tsohon maharbi ne, gwiwoyinsa sun gaji amma bakinsa bai gaji ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, mai gidan da muke haya ya hawo gaishe shi. Haifaffen Makka ne, kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, Hausarsa rabi Larabci ce. Aka shimfiɗa leda, aka kawo shinkafa da tuwon da na saya a bakin layi. Da aka kai ga shayi, mai gida ya ce, "Ya ammi, an ce kai sayyadi ne, maharbi. Wallahi ni ko kaza ban taɓa kamawa ba. Ba mu ƙissa."

Baffa ya gyara zama. Ya ce wani Bature mai haƙar kuza da ya yi wa dakon bindiga yana saurayi, da zai koma ƙasarsu ya bar masa bindigar da gwangwanin harsashi. Ya nuna yadda ake jan mariƙin, hannunsa na yin abin kamar jiya ya ajiye ta. Bayan shekaru, in ji shi, wata bauna ta addabi gonakin fadama. Ya hango ta a ƙetaren rafi, taku ɗari uku ba ƙari ba ragi. Harbi ɗaya. Ta durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi.

"Ma sha Allah," in ji mai gida. "Ajib."

Nan ya kamata in zuba shayi. Suruki ne, baƙo ne, tsoho ne, kowanne ɗaya ya isa ya rufe mini baki. Amma wata huɗu ke nan ina ɗauke da ilimin da ba wanda ya tambaye ni, kamar mai tallan bargo a watan zafi.

"Baffa," na ce, "ko kuna tuna abin da aka rubuta a gindin kwanson?"

"Huɗu da huɗu, sai huɗu da sifili. Iyakar bokona ke nan, Malam, ba zan manta ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda ya ga ɗalibi ya faɗa tarko. Na zaro biro na jawo kwalin takardar goge hannu, na zana layi uku. Na bayyana cewa lambar farko faɗin harsashi ce, ta biyu awon albarushi. Na ce akwai talatin-talatin, siriri mai gudu, tafiyarsa kusan a miƙe, shi ne na gada da barewa. Akwai arba'in da biyar-saba'in, ƙato mai nauyi, ba ya sauri amma in ya isa yakan karya ƙashi. Sai na zo kan na Baffa, arba'in da huɗu-arba'in, na ce shi ne autan ɗakin, har a ƙaramar bindigar hannu ana sa shi. Tafiyarsa kamar jifa ce, ya hau ya sauko. A taku ɗari uku ya riga ya sunkuya, ƙarfinsa ya tsiyaye, balle wanda ya shekara da shekaru a gwangwani.

Mai gida ya taɓa ni da gwiwa. "Halas ya ustaz, sha shayi."

Ban sha ba. Na ƙarasa da cewa a wannan nisan, irin wannan harsashi sai dai ya ɓata wa bauna rai.

Baffa ya ɗauki kwalin ya duba layukana, a juye ma ya riƙe shi. Sannan ya ajiye.

"Malam ya yi gaskiya," ya ce. "Ɓata mata rai ya yi."

Ya faɗi sauran da muryar mai ba da kwatancen hanya. Tsoro ne ya hana shi matsawa kusa, ya harba daga nesa don a ce ya harba. Ta ji ciwo, ta shige cikin kyauro. Maharba ba sa barin bauna mai rauni kusa da gonakin mutane, dole wani ya bi ta. Shi ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Wansa, mahaifin matata, ya karɓi bindigar ya shiga.

"Da la'asar muka fito da shi," ya ce. "Ita kuwa sai da aka kwana uku aka tsinci gawarta."

A bayan labule, inda matata take, na ji an ajiye faranti a hankali. Mai gida ya tuna yana da baƙi a unguwar Shisha, ya yi sallama ya sauka. Baffa ya ce a kama shi ya yi alwala.

Na sami matata a kicin tana wanke kofuna. Na fara neman kalmar da zan yi mata ta'aziyyar da ta makara shekara arba'in, sai ta riga ni.

"Malam, ka ɗauka yau na ji? Garinmu kaf ba wanda bai sani ba. Ina 'yar shekara bakwai kakata ta gaya mini."

"To labarin fa?"

"Ita ta ce a bar shi ya riƙa faɗa. A nasa labarin bauna tana faɗuwa, kowa ya koma gida." Ta kife kofi. "Limamin garinmu ya ji shi ya fi sau ɗari. Shi ma fa ya yi karatu."

Na karanta babi guda a kan abin da ya halatta a ci, ban taɓa lura da cewa gari guda zai iya haɗiye magana shekara arba'in ba tare da an kira taro ba.

Washegari ni na kai Baffa miƙatin Tan'im ya ɗaura harami. Ya riga ya yi tasa umarar, wannan ta biyu ce, kuma sai da na ji ya ambaci sunan wansa a cikin niyya na gane abin da ya kawo shi Makka. Da muka dawo na ɗora shi a keken tsofaffi ina turawa ta unguwar Jarwal zuwa masallacin Ka'aba. Tantabaru sun cika hanya, ba sa ko matsawa, sun san hukuncin da ke kansu fiye da ni. Na karkata keken ina kewaye su.

Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Malam, wancan ƙaton, mai karya ƙashi. Da shi Baturen ya bar mini, da ta faɗi?"

Ina da amsa, da layinta a kan kwali. Na duba ƙeyarsa, da kafaɗarsa da haramin ya zame ya bari a buɗe.

"Allah ne mafi sani, Baffa."

Ya jinjina kai. "Ashe ka san wannan amsar."

Ya ci gaba da talbiyya, ni kuma na ci gaba da turawa. Ya yi kwana tara a gidanmu bayan nan. Maƙwabta sun ji an yi baƙon maharbi, suka riƙa hawowa, mai gida ma ya dawo da 'ya'yansa ya ce, "Ya ammi, ba su ƙissar bauna." Baffa ya ce tsufa ya sa ya manta, ya tambaye su farashin dabino.